Wa ke da hanya, kuma wa ke biyan kuɗin riƙe ta?

"Injiniya, ni ɗan kasuwar hatsi ne, motocina suna ɗaukar masara da waken soya daga kasuwannin Arewa zuwa Kudu. Kullum muna jin an ware biliyoyi domin hanya, amma hanyar da aka buɗe bana, kafin damina uku ta koma ramuka. Akwai wata da muke bi, mun kai kuka an ce ba ta ƙaramar hukuma ba ce, ta jiha ce, a jiha kuma aka ce ta tarayya ce. Shin wa ke da alhakin hanya a ƙasar nan? Daga ina kuɗinta ke fitowa? Kuma maido da tolget da ake ta magana zai gyara lamarin, ko ƙarin nauyi ne kawai a kanmu?"

Alhaji, Allah ya sa albarka a kasuwa. Tambayarka uku ce a dunƙule: wa ke da hanya, wa ke biya, kuma ko karɓar kuɗi a hannun mai mota shi ne mafita. Na yi shekaru masu yawa a aikin hanya, da farko a ma'aikatar ayyuka ta wata jiha, daga baya a matsayin mai sa ido kan 'yan kwangila, kuma abin da na fito da shi daga waɗannan shekaru abu ɗaya ne. Najeriya ta iya nemo kuɗin gina hanya, ta ma ƙirƙiro dabaru iri-iri a kan haka. Abin da har yau ba ta tanada ba shi ne kuɗin da zai riƙa zuwa kowace shekara, ba fashi, domin riƙe hanyar bayan an yanke kyalle an watse. Duk sauran bayanin da zan yi maka a kan wannan yake tafiya.

Rabon hanyoyi tsakanin gwamnatoci uku

Hanyoyin Najeriya sun kai kusan kilomita 200,000. Daga ciki, kimanin 35,000 na gwamnatin tarayya ne, su ne manyan hanyoyin da suka haɗa jiha da jiha, da tashoshin jiragen ruwa da kan iyaka, irin su Kano zuwa Kaduna zuwa Abuja, ko Kano zuwa Maiduguri. Jihohi na riƙe da kusan irin wannan tsawon a tsakaninsu. Ragowar, wato mafi yawa da nisa, na ƙananan hukumomi ne, kuma akasarinsu birji ne ko ƙasa zalla. Tsarin mulki na 1999 ya ba tarayya ikon duk hanyar da Majalisar Ƙasa ta ayyana a matsayin babbar hanyar tarayya, ya kuma lissafa gini da gyaran tituna da magudanan ruwa cikin ayyukan ƙaramar hukuma.

Ka lura da inda gizo ke saƙa. Gwamnatin da ta fi kowa tsawon hanya ita ce ta fi kowa ƙarancin kuɗi da injiniyoyi. Shekaru da dama kason ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, abin da ke isa hannun shugaban ƙaramar hukuma da ƙyar yake wuce albashi. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kasonsu kai tsaye, amma ko kuɗin ya iso cif, sashen ayyuka da ba shi da gireda ko ɗaya ba zai riƙe hanya kilomita ɗari biyu ba. Kuma a kan waɗannan hanyoyin ne masararka ke fara tafiya daga gona zuwa kasuwa.

Ita kuwa ƙwallon da aka yi ta buga muku tsakanin jiha da tarayya, tana da tarihi. A shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai ya yi yawa, tarayya ta karɓe dubban kilomitoci daga hannun jihohi. Da kuɗin ya ja baya, hanyoyin suka zauna a littafin tarayya ba mai kula da su. Gwamna yana ganin hanya ta ratsa tsakiyar babban birnin jiharsa, jama'a shi suke zagi, amma a doka ba tasa ba ce. Wasu gwamnoni sun gyara da kuɗin jiha suka jira a biya su. A 2020 tarayya ta amince ta mayar wa jihohi biyar kusan naira biliyan 148 na irin wannan aiki, sannan ta ja kunne cewa kada wanda ya sake taɓa hanyarta ba da izini ba. Tun daga nan gwamna mai son gyara sai ya yi lissafi sau biyu.

Inda kuɗin gini ke fitowa

Tushen farko shi ne kasafin kuɗi na shekara, kuma a nan ne ciwon ya fi tsanani. Babbar hanya aikin shekara uku ko huɗu ce, kasafi kuwa na shekara ɗaya ne. Ana ba da kwangilar biliyoyi masu yawa, a sa mata ɗan abin da bai kai kashi goma cikin ɗari ba a kasafin bana, wanda aka sa ɗin ma ba a sakin sa duka. Dalili shi ne kowane ɗan majalisa yana son a ga sunan hanyar mazaɓarsa a kasafi, sai a yanka kuɗin ƙanana-ƙanana a watsa wa ayyuka da yawa. Ministan ayyuka David Umahi ya ce da ya kama aiki a 2023 ya tarar da ayyuka sama da 2,000 ba a kammala ba. Ɗan kwangila ya yi aiki, injiniya ya sa hannu a takardar shaida, a shafe watanni ba a biya ba, sai ya kwashe injinansa. Damina ta zo ta wanke ƙasar da ya zuba ya daddaɓe. Kafin ya dawo farashin kwalta da dizal da siminti ya tashi, dole a sake duba kuɗin kwangilar. Tagwaita hanyar Kano zuwa Maiduguri an ba da ita tun 2006, aka raba ta kashi biyar, yaron da aka haifa a shekarar ya yi hankali ana kan aikin.

Saboda kowa ya san kasafi ba abin dogaro ba ne, kusan kowace gwamnati ta buɗe wata tukunya ta daban. Abacha ya kafa PTF a 1994 da ƙarin kuɗin man fetur, Buhari ya shugabance ta, ta gyara hanyoyi da dama, Obasanjo ya rufe ta a 1999. Jonathan ya kafa SURE-P a 2012 bayan rage tallafin mai, ta mutu a 2015. A 2018 aka buɗe wani asusun fadar shugaban ƙasa a ƙarƙashin hukumar zuba jari ta ƙasa, domin hanyar Abuja zuwa Kano mai kilomita 375, da ta Legas zuwa Ibadan, da gadar Neja ta biyu, har aka zuba masa dala miliyan 311 daga kuɗin Abacha da aka dawo da su a 2020.

Wadda ta fi burge ni a cikinsu ita ce sukuk, wato takardun cin bashin gwamnati bisa tsarin Musulunci. A watan Satumban 2017 ofishin kula da basussuka ya fitar da na farko, naira biliyan 100, aka raba daidai tsakanin shiyyoyi shida domin hanyoyi 25. Tsarinsa na ijara ne: masu zuba kuɗi su mallaki amfanin sashen hanyar, gwamnati ta riƙa biyan su haya, don haka wanda ke gudun kuɗin ruwa ya samu shiga. Abin da ya sa ya yi aiki a fili shi ne kuɗin a ɗaure yake da wani yanki takamaimai, ba ya shiga babban baitulmali, kuma ba a biyan ɗan kwangila sai an je an auna abin da ya yi. Ka ga allunan da ke cewa daga nan zuwa nan da sukuk aka yi. Na ga 'yan kwangilar da suka yi shekaru suna jan ƙafa sun dawo da injina cikin mako biyu da jin cewa sashensu ya shiga sukuk, domin sun san biya tabbas ne. Amma bashi ne, za a biya hayar a kuma maido da uwar kuɗi.

Sai dokar shugaban ƙasa mai lamba 007 ta Janairun 2019, wadda ta ba kamfani damar gina hanyar gwamnati da kuɗinsa a cire masa daga harajin da zai biya. Da ita Dangote ya yi hanyar kankare ta Obajana zuwa Kabba, kamfanin gas na NLNG ya ɗauki Bodo zuwa Bonny, NNPC kuma ta karɓi hanyoyi 21 kan naira biliyan 621 a 2021. Aiki yana sauri, gaskiya ne. Sai dai a sani cewa ba kyauta ba ce, harajin da zai shiga asusun tarayya a raba wa jihohi da ƙananan hukumomi ne aka karkatar tun bai iso ba. Kuma kamfani zai fi son hanyar da ke kaiwa masana'antarsa. Ƙauyen da ba shi da ma'aikatar siminti a kusa ba zai ga wannan garaɓasar ba.

Yanzu ka sake duba jerin nan, Alhaji. Duk na gini ne ko sake gini. Babu ko ɗaya da ya ce ga kuɗin share kwalbati a shekara ta biyu, ga na faci a ta huɗu, ga na sake shimfiɗa kwalta a ta takwas.

Abin da ke kashe hanya

Abu biyu ke kashe hanya, ruwa da lodi. Kwaltar da kake gani a sama 'yar siririya ce, kamar rufin kwano take, aikinta ta hana ruwa shiga. Ƙarfin hanya yana ƙarƙashi, a dakakken dutse da marmarar da aka daddaɓe. Da zarar kwalta ta tsage ruwa ya samu ƙofa, ƙasar ƙarƙashi ta jiƙe ta yi laushi, tirela ta hau, wurin ya lotsa. Tsagar da lebura biyu da bokitin kwalta za su toshe a rani, idan aka bar ta damina ɗaya ta zama rami, damina biyu ta zama wurin da sai an tone har ƙasa an sake gini.

Ba zan manta da wata hanya da na taɓa riƙewa ba. A watan Afrilu na zaga na tarar yashi da shara sun toshe kwalbatoci guda uku a wani kwari. Na rubuta ina neman kuɗin leburori da tipa na kwana kaɗan. Takardar ta yi ta yawo daga tebur zuwa tebur, amsar da ta dawo ita ce babu kuɗi a wannan layin na kasafi. Na sake rubutawa shekara ta biyu. A watan Agusta ruwa ya tsallake ta saman hanya ya yanke ta biyu, garuruwa huɗu suka rasa hanyar kai mara lafiya asibiti har tsawon makonni. Cikin kwana goma aka samo kuɗin aikin gaggawa, wanda ya ninka abin da na roƙa sau da yawan da har yau ina jin nauyin faɗa. Ba wanda ya saci ko kwabo a wannan labarin. Tsarin ne ba shi da aljihun ƙaramin gyara, sai na babban aiki. Dattawan da na tarar a ma'aikata sun ba ni labarin zamanin En'e, lokacin da kowane 'yan milamilai ke da heluma da leburorinsa, suna zaune a bakin hanyar, sun san kowace kwalbati kamar tafin hannunsu. Wannan ne muka rasa.

Batun lodi kuma ya shafe ka kai tsaye, kuma zan faɗa maka shi ba ɓoye-ɓoye domin na san kai mai son gaskiya ne. Tun gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 injiniyoyi suka gano cewa ɓarnar da mota ke yi wa hanya ba ta tafiya daidai da nauyinta. Idan ka ninka nauyin da ke kan layin taya ɗaya sau biyu, ɓarnar tana ninkuwa kusan sau 16. Ƙarin rabi kawai yana ninka ta kusan sau biyar. Ƙa'idar yankin Afirka ta Yamma tan 11.5 ce a kan layin taya ɗaya mai ɗaukar lodi. Motar da aka ƙara wa bodi da sifirin domin ta ɗauki buhu ɗari biyu fiye da ƙima tana cinye shekarun hanyar da aka ƙera domin shekara ashirin cikin biyar ko shida. Na san dalilinku: dizal ya yi tsada, ga kuɗin da ake karɓa a shingaye, idan ba a yi obalodi ba tafiyar ba riba. Kuma kayan da ya kamata jirgin ƙasa da bututun mai su ɗauka duk sun dawo kan kwalta. Amma duk tsarin kuɗin da aka kawo, muddin babu sikelin auna manyan motoci mai aiki da gaskiya, zuba ruwa ne a kwando.

Dokar da aka yi aka ajiye

An kafa hukumar FERMA a 2002 domin gyaran hanyoyin tarayya. A 2007 aka yi wa dokarta kwaskwarima, aka sa kashi 5 cikin ɗari a kan farashin fetur da dizal a matsayin kuɗin amfani da hanya, kashi 40 na abin da aka tara ya je FERMA, kashi 60 ya je hukumomin gyaran hanya na jihohi, irin su KARMA a Kano. Wannan shi ne ainihin maganin ciwon da nake faɗa, kuma ba a taɓa aiwatar da shi yadda doka ta ce ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana. FERMA ta ci gaba da jiran kasafi kamar kowa. Majalisar Ƙasa ta takwas ta amince da ƙudurin kafa asusun hanyoyi na ƙasa da hukumar hanyoyin tarayya, ba su zama doka ba. Sabuwar dokar haraji ta 2025 ta sake ɗauko wannan kashi 5 ɗin, aka yi ta ce-ce-ku-ce, gwamnati ta ce ba zai fara ba sai ministan kuɗi ya sa rana.

Hikimar harajin mai ita ce wanda ya fi bin hanya ya fi shan mai, don haka ya fi biya, kuma karɓarsa a daffo ta fi sauƙi da arha fiye da kafa shinge. Kenya ta fara nata a 1993, ta kafa hukumar da ke riƙe da asusun a 1999, daga baya ta raba aikin ga hukumomi uku, ta manyan hanyoyi, ta birane da ta karkara. A 2024 ta ɗaga harajin daga shilin 18 zuwa 25 a kan lita. 'Yan'uwanmu na Nijar sun san nasu asusun gyaran hanya, wanda ake ciyarwa da kuɗin mai da na shingen da direba ke biya tsakanin Maraɗi da Damagaram. Ghana ta kafa nata tun 1985, amma darasinta na gargaɗi ne: a 2017 aka yi dokar da ta yanke wa irin waɗannan asusu iyaka, baitulmali ya riƙa ɗibar ragowar, bashin 'yan kwangila ya taru. Amurka ma da ta kafa nata a 1956 ta bar harajin a santi 18.4 kan galan tun 1993, hauhawar farashi ta cinye shi, tun 2008 sai an yi masa ciko daga baitulmali. Wato asusun hanya yana aiki ne idan an kiyaye abu biyu: hannun ma'aikatar kuɗi bai kai gare shi ba, kuma harajin yana tafiya da farashin kaya.

To, tolget fa?

Mun taɓa yin sa. Obasanjo ya sa aka rushe shingayen a farkon 2004, bisa hujjar cewa abin da ke shiga asusun gwamnati bai taka kara ya karya ba, da niyyar maye gurbinsu da harajin naira ɗaya da kwabo hamsin a kan litar mai. Ƙungiyar ƙwadago ta ƙi, harajin ya faɗi, aka tashi ba tsuntsu ba tarko. An gwada ba kamfanoni hanya su gina su karɓi kuɗi: yarjejeniyar Legas zuwa Ibadan ta 2009 an soke ta a 2012 ba a yi aikin ba, ta Lekki kuma gwamnatin Legas ta saye ta daga hannun kamfanin. A Fabrairun 2025 aka fara karɓa a hanyar Keffi zuwa Akwanga zuwa Lafiya zuwa Makurɗi, wadda aka gina da bashin wani bankin ƙasar China.

Ra'ayina shi ne tolget yana da wurinsa, amma wurin ƙarami ne. Manufar da gwamnati ta amince da ita a 2021 ta ce tagwayen hanyoyi kaɗai za a sa wa shinge, su kuwa kusan kilomita 5,000 ne cikin 35,000. A cikin waɗannan ma, sai wadda motoci suka yi wa yawa ƙwarai ce za ta iya biyan ma'aikatan shinge, ta biya bashi, ta kuma bar na gyara. Kaduna zuwa Kano za ta iya. Hanyar da ke shiga ƙauyen da kake sayen masara ba za ta taɓa iyawa ba. Kuma sai jama'a sun yarda: Afirka ta Kudu ta sa na'urorin karɓar kuɗi a manyan hanyoyin Gauteng a 2013, mutane suka ƙi biya, aka kashe su a 2024. Idan za a karɓa a hannunka, sharaɗina uku ne. A gama hanyar tukuna. Kuɗin ya zauna a kan hanyar da aka karɓe shi, a riƙa buga lissafinsa kowane wata. Kuma yarjejeniya ta ce idan rami ya wuce kwanaki kaza ba a toshe ba, a ci kamfanin tara. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A irin wannan hanyar, abin da za ka biya a shinge bai kai abin da kake kashewa kan taya da sifirin da kwanan hanya ba.

Da za a tambaye ni tsarin da zan zaɓa, zan raba aikin gida uku. Ma'aikata ta tsaya kan tsara manufa. Asusu mai zaman kansa ya riƙe kuɗin, a kwamitinsa a sa wakilan direbobi da masu manyan motoci da manoma da 'yan kasuwa irinka, doka ta ce gyara ne farko kafin sabon gini, kuma a yanka wa hanyoyin karkara kasonsu a rubuce. Sannan hukumar hanya ta ba da kwangilar riƙo ta shekara biyar, inda ake biyan ɗan kwangila kowane wata bisa lafiyar hanyar, ba bisa yawan kwaltar da ya zuba ba. An gwada irin wannan kwangila a hanyoyin karkara na jihar Kaduna ƙarƙashin shirin RAMP na Bankin Duniya, kuma shirin da ya gaje shi yana neman jihohi su kafa asusun hanya nasu.

Sai dai akwai iyakar da ilimina na injiniya ba ya tsallakewa. Zan iya gaya maka nawa riƙe kilomita ɗaya ke ci, amma ko ya dace a ƙara wa talaka kashi 5 a kan man da ya ninka farashi tun cire tallafi a Mayun 2023, wannan hukunci ne na jama'a da wakilansu, kuma mai cewa a'a yana da hujja, domin an sha karɓa ba a gani a ƙasa ba. Ni dai da za a bi tawa, daga cikin ƙarin kuɗin da cire tallafin ya kawo wa tarayya da jihohi za a fara yankar kason hanya, a nuna aiki shekara biyu, kafin a nemi sabon kwabo a hannun kowa.

Game da hanyar da kuka kai kuka a kanta, kada ku sake zuwa da baki. Kowace jiha tana da kwanturolan ayyuka na tarayya da ofishin FERMA, kuma suna da jerin hanyoyin tarayya a rubuce. Ku rubuta da sunan ƙungiyarku ta 'yan kasuwa, ku nemi amsa a takarda cewa hanyar tana cikin jerin ko ba ta ciki. Idan ba ta ciki, ku kai wannan takardar ma'aikatar ayyuka ta jiha, ba wanda zai sake tura ku gaba. Ku haɗa da hotunan kwalbatocin da suka toshe da sunan garin da ke kusa da kowacce, ku kuma kai a watan Fabrairu ko Maris, lokacin da tipa ɗaya da leburori goma za su iya gama aikin kafin ruwan farko ya sauka.